Gam a Kafar Filash

Idan ka tambayi Mai Dawisu, mutanen duniya kashi biyu ne: waɗanda suka riga suka yi mata sata, da waɗanda ba su sami dama ba tukuna. Shagonta na surfani yana bakin titi, tsakanin mai sayar da fenti da kantin magani, kuma duk wanda ya taka dokin ƙofar sai ta duba hannunsa kafin ta duba fuskarsa. Sunan ya manne mata ne saboda wani dawisu da ta zana tun tana da sauran ƙuruciya, wanda in inji ya ɗinka shi a gaban riga sai ka rantse zai kaɗa jela. Zanen ya yi kyau, wannan babu mai ja. Damuwar ita ce ta san da haka, kuma ba ta taɓa barin kowa ya manta ba.

Kayan aikinta uku ne. Akwai injin surfani mai kai huɗu da ya cinye rabin shagon. Akwai wata kwamfuta a ƙarƙashin tebur, fara ce a da, yanzu ta koma launin tsohon haƙori, kowa yana kiranta Tsohuwa. Ita kaɗai injin yake jin maganarta, ta wani kebul mai kauri, kuma a cikinta duk wani zane da Mai Dawisu ta taɓa yi yake kwance, na shekara ashirin da ɗoriya. Ta uku laftof ce, wadda take zane da gyaran girma a kanta. Ita laftof ɗin ba a yarda ta riƙe komai ba. Da an gama zane sai a jefa shi a wata folda da ke fuskarta, amma ainihin gidan foldar cikin Tsohuwa ne, ta netwok ɗin shago ake isa gare shi. Hujjar Mai Dawisu ita ce laftof tana shiga intanet, kuma abin da ke yawon gidajen mutane ba a ba shi ajiyar sirri.

Sai kuma maganar gam. Shekarun baya, ƙanwarta Auta, wadda ta taso a hannunta kuma ta koyi aiki a shagon, ita ce ta jawo shi. Mai Dawisu ta dawo daga sayen zare ta tarar da filash, ɗan abin nan na kwafar kayan kwamfuta, soke a jikin Tsohuwa, Auta na tsugune a gabanta. Auta ta buɗe baki za ta yi bayani, yayar ta ce ba ta sayen bayanin ɓarauniya. A gaban masu kawo ɗinki ta wanke ta tas, ta tuna mata har da takalman makarantar da ta saya mata. Auta ta zare filashinta ta fita. Kafin rana ta faɗi Mai Dawisu ta sayo gam mai ƙarfi ta ɗura a kowace kafa ta jikin Tsohuwa. Da ta sayi laftof daga baya, tun ba a ɓare mata leda ba ta sha nata rabon. Har ɗan abin da ke haɗa linzami ta manne shi a kafarsa, don kada wani ya zare ya soka nasa.

Auta kuwa ba ta yi nisa ba. Tsallaken titi ta buɗe nata shagon, daidai saitin ƙofar yayarta. Tun daga lokacin Mai Dawisu ta sami abin kallo kyauta. Kullum sai ta leƙa gilashin Auta ta ga manyan furanni kamar na kan faranti, da rubuce-rubuce, da duwatsu masu ƙyalli, sai ta taɓe baki.

"Ko satar ma ba ta iya ba," in ji ta. "An ba ta dawisu a hannu, ta ɓuge da ɗinka kabeji."

'Yan mata suna cika shagon Auta har waje. Nata shagon kuwa yawanci bajon makaranta da na masu gadi ne ke riƙe shi, sai jefi-jefi wata dattijuwa ta zo neman dawisu. Wannan bai dame ta ba. Ta riga ta yanke hukunci cewa idon mutanen yanzu ya lalace.

Wata yamma da za ta tashi, laftof ta ce kada a kashe ta, tana sabunta kanta. Mai Dawisu ta yi tsaki ta bar ta. Da safe ta tarar da ita ta canja fuska, ta sa hoton wani dutse da babu wanda ya roƙe ta, har da gaisuwa. Foldar zane tana nan a inda take, amma da ɗan jan alama a gindinta. Ta danna. Wani zobe ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa, can sai ga saƙo da Turanci wai ba a sami hanyar ba.

 Abin da ya fara zuwa ranta shi ne an kwashe ta ta iska. Ta durƙusa ta kunna ɗan allon Tsohuwa mai dishi-dishi, ta ga zane-zanenta suna nan jere, sannan ta sami numfashi. Hanya ce kawai ta yanke. Kwamfuta biyu a ɗaki ɗaya, jiya suna gaisawa, yau ɗaya ta yi sabuwar riga ta ce ba ta san ɗaya ba.

Ta kira Injiniya, ƙanin mijinta. Bai taɓa shiga ajin injiniyoyi ba ko don fakewa daga ruwan sama. Caja da rigar waya yake sayarwa a kan tebur. Amma tun ranar da ya gyara rimot ɗin mahaifiyarsa ta hanyar juya batir, dangi suka naɗa shi, shi kuma ya karɓi sarautar hannu bibbiyu. Mai Dawisu ta raina shi iyakar raini. Ta kira shi ne don a ganinta ƙwaƙwalwarsa ba ta kai ta sata ba.

Ya iso da tabarau a goshi da sukudireba a aljihun gaba. Ya tsaya a kan laftof ya riƙe ƙugu.

"Anti, me kika taɓa?"

"Na kira ka ka gyara ne ko ka yi mini shari'a?"

"Ai sabis ne. Hadarin nan na jiya duk ya rikita sabis."

"Ga wannan, ga wannan, ko miƙa hannu na yi sai in taɓa su duka. Ina ruwansu da hadari?"

"Ba za ki gane ba, Anti. Abin sai ya hau sama ya dawo."

Ya zare kebul ya hura masa iska ya mayar. Ya kashe akwatin netwok ya kunna. Ya kife laftof ya karanta rubutun gindinta yana gyaɗa kai kamar likita. Folda ta ce ba ta san zance ba. Sai ya juya kan Tsohuwa.

To ita Tsohuwa ba a kashe ta. Shekara da shekaru tana kunne, da akwatin batir nata na kanta, don Mai Dawisu ta san in ta kwanta tashinta aiki ne. Kwanan nan ma ta fara wata 'yar ƙara daga ciki, ƙas, sai can kuma ƙas, wadda uwar ɗakinta ta ɗauka tarin tsufa ne. Kafin ta ce kada ka taɓa ta, Injiniya ya finciko wayar wutar daga bayanta. Fankar da ta saba gurnani a shagon ta yi tsit.

"Ka kashe ni!"

"Hutu take so, Anti. Duk na'ura haka take."

Ya mayar da waya. Tsohuwa ta yi nishi, ta daɗe kamar ba za ta dawo ba, sannan ta farfaɗo. Folda ba ta buɗe ba. Ya ce ai na farkon bai shiga ba, ya sake. Ya kuma sakewa. Da ta yi nawa a tashin ƙarshe sai ya ɗaɗa mata tafin hannu a haƙarƙari, yadda yake yi wa tsohon talabijin ɗin gidansu. Ta tashi, amma daga nan ƙarar ba ta ƙara yin shiru ba. Ƙas, ƙas, ƙas, kamar agogon bango.

"Kin ji ko?" in ji shi da fara'a. "Yanzu ta kama aiki sosai."

Mai kantin magani, wanda ya gaji da jin ihu ta bango, shi ya turo mai gyara. Wani dogo ne da abin sauraro a kunne ɗaya da cingam a baki, yana tafe yana amsa wata wayar. Mai Dawisu ta dubi hannunsa, ta dubi jakarsa, nan take ta jefa shi a kashi na biyu. Bai ko kalli laftof ba. Ya tsaya tsakiyar shago ya karkata kai.

"Hajiya, wannan ƙarar tun yaushe?"

"Tsufa ne. Kai ma in ka kai shekarunta za ka yi."

"Faifan ajiyar da ke cikinta ne yake shirin mutuwa. Me ke ciki?"

"Abin da bai shafe ka ba."

"To abin da bai shafe ni ba ɗin, in kina sonsa, a fitar da shi yanzu. Maganar laftof ƙarama ce, ta jira."

Ya zaro filash daga aljihu ya tsuguna. Ya tura, ya ƙi shiga. Ya juya shi, ya ƙi. Ya haska fitilar waya a cikin kafar, ya duba ta kusa da ita, ya zagaya baya ya duba sauran. Sannan ya zauna daɓas a ƙasa ya yi dariya har cingam ya kusa sarƙe shi.

"Wane maƙiyin ne ya yi miki wannan?"

"Ni na yi. Kuma ka ga amfaninsa, tun da ga ka da filash a hannu ba ka sami ƙofa ba."

Ya share hawaye. Ya ce to a bar shi ya buɗe cikinta ya ciro faifan ya haɗa da tasa kwamfutar ya kwafe. Mai Dawisu ta tambaye shi ko ta yi masa kama da wadda aka haifa jiya. Aikin shekara ashirin, ta ɗauka da hannunta ta zuba a kwamfutar mutumin da ko sunan ubansa ba ta sani ba? Injiniya ya mara mata baya, ya ce shi ma dama bai yarda da buɗe ciki ba, iska na shiga.

"Shi ke nan," in ji mai gyara. "Saura ƙofa ɗaya, netwok. Sai a lallashi laftof."

Ta zaci zai yi wani abin a zo a gani. Sai ya jingina da injin surfani ya ciro waya ya kama kallon bidiyo, wani mutum yana bayani da hanci. Ilimin ke nan gaba ɗaya. Ya kalla, ya mayar baya, ya sake kalla.

"Laftof ɗinki lafiyarta lau," ya ce. "Sabuntawar ce ta hana ta jin irin yaren da Tsohuwa take yi. Masu yin ta sun ce tsohuwar hanya ce, ɓarayi suna bi ta nan, sai suka toshe ba su tambayi kowa ba."

"Ashe su ma sun san akwai ɓarayi."

"Irin aikinki suka yi, Hajiya. Nasu gam ɗin ne ba a gani."

Ba ta yi dariya ba. Ya shiga saituna, laftof ta nemi kalmar sirri. Ya matsa gefe don ta rubuta, ta ce bai isa ba, ya juya ya fuskanci bango. Injiniya ma ya fuskanci bango. Ta rufa mayafi a kan hannunta ta rubuta da yatsa ɗaya, ta yi kuskure saboda ba ta ganin haruffan, ta sake. Aka wuce. Ya nemo wani ɗan akwati a can ƙasan wani dogon jeri ya sa masa alama, laftof ta sake neman kalmar sirri. Maza biyu suka koma bango kamar ɗaliban da aka kama da surutu. Ya gaya wa laftof cewa netwok ɗin nan na gida ne, ba na kasuwa ba, ta daina ɓoye fuska. Bango kuma. Duk wannan abin Tsohuwa tana ƙarƙashin tebur tana ƙas, ƙas, wani lokaci ta yi biyu a haɗe.

Laftof ta kashe kanta ta tashi, ta ɗauki lokacinta tana lissafin da ba wanda ya gane. Da ta gama, mai gyara ya danna foldar. Ta buɗe. Ga su nan reras: sarƙa, reshen inabi, ruwan sama, dawisu babba da ƙarami, duk 'ya'yanta.

Injiniya ya ce dama ya san kashewar da ya yi ce za ta yi aiki a hankali.

Mai gyara ya tofar da cingam a kwandon ƙyalle, kuma a karon farko ya cire abin kunnensa. "Hajiya, ki saurare ni. Yanzu-yanzu ki kwashe komai ki zuba a laftof. Kada ki buɗe ko ɗaya. Duk wanda kika buɗe, numfashinta kike ragewa."

Da a ce ya faɗa da sanyi, wataƙila da ta ji. Amma gaggawar ta yi masa yawa, kuma a wurin Mai Dawisu mai gaggawa yana da abin da yake nufi. Ta lissafa a ranta. Ya buɗe ƙofar da masu kwamfuta da kansu suka ce ta ɓarayi ce. Yana so a kwaso zane daga inda suke a ɓoye a zuba a wadda ke shiga intanet. Ga waya a hannunsa, wa ya san da me ta haɗu? Sai ta ji wani daɗi ya ratsa ta, irin na wanda ya gano dabarar abokin hamayya.

"Fita," ta ce. "Ka zauna a bencin mai fenti inda zan riƙa ganinka. Wayar nan kuma ka kashe ta a gabana."

"Hajiya, lokaci..."

"Lokacina ne ko naka?"

Ya ɗaga kafaɗa ya fita. Ta ce wa Injiniya ya cire mata intanet daga shagon kafin a taɓa komai. Injiniya ya dubi wayoyin da ke bayan akwatin netwok, ya ga sun yi masa yawa, sai ya cire ta wutar gaba ɗaya. Folda ta sake ɓacewa. Daga benci mai gyara ya ɗaga murya ya ce shuɗiyar za a cire, ba baƙar ba. Aka mayar, aka jira akwati ya gama ƙyafta idanunsa, aka jira laftof ta sake gane Tsohuwa. Folda ta dawo, amma wannan karon da ɗingishi.

Sai ta zauna tantancewa. Ai ba za ta kwashi kaya ba ta duba ko an taɓa su ba. Ta buɗe sarƙa, tana nan. Ta buɗe reshen inabi, ya daɗe kafin ya fito, amma ya fito. Ta buɗe dawisu babba.

Ya cika allon. Wuyan nan shuɗi mai duhu da ta yi makonni tana gyara kwanciyar zarensa, idanun jela kowanne da zobensa na ruwan zinariya, ƙafa ɗaya a ɗage kamar zai taka. Ta tuna lokacin da ta zana shi, da goyo a baya, Auta tana 'yar yarinya tana riƙe mata fitila. Gaskiyar magana tana son tsuntsun nan fiye da yadda take son yawancin mutane, kuma a nan ba wanda zai ga laifinta. Ta daɗe tana kallonsa. Ta ƙara girmansa ta duba jelar gashi-gashi, ko wani ya taɓa. Ba wanda ya taɓa.

"Hajiya!" in ji mai gyara daga waje. "Ina jin ƙarar daga nan!"

Ta yi kamar ba ta ji ba, ta buɗe wasu kaɗan don kada ya zaci umarninsa take bi. Sannan, da ta ga dama, ta ja foldar ta saka a laftof. Wani koren layi ya fito ya fara rarrafe. Kwamfuta ba ta san daraja ba, bin jeri take yi, don haka da bajo ta fara: na makarantar firamare, na ƙungiyar direbobi, na kamfanin masu gadi mai hoton kare. Layin ya ɗan matsa. Ya tsaya. Ƙarar ta yi sauri kamar keken ɗinki, sannan ta ɗauke ɗif.

Shirun ya fi ƙarar muni. Allon Tsohuwa ya yi baƙi, da farin rubutu layi ɗaya a sama. Injiniya ya ɗaga hannu zai ɗaɗa mata, Mai Dawisu ta yi masa wani kallo da ya sa ya sosa ƙeya da hannun.

Mai gyara ya shigo ba tare da an kira shi ba. Ya kashe, ya kunna, ya kara kunne a jikinta. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa.

"Ta tafi."

Ta duba abin da ya tsira a laftof. Bajo ne, da rabin wani fure da ya ƙi buɗewa. Karen masu gadi yana kallonta da harshe a waje.

Ya ce akwai masu buɗe irin wannan faifan a wani ɗaki na musamman, a nesa, sai dai ta ba su shi su riƙe na tsawon lokaci, kuma da wuya a sami wani abu bayan dukan da ya sha. Injin kuma ana iya haɗa shi da wata kwamfutar, wannan ba matsala ba ce. Abin da za a ba shi ya ɗinka ne babu. Ya mayar da abin kunnensa, ya tsaya a ƙofa.

"Duk shekarun nan ba wanda ya taɓa kwafa? Ko sau ɗaya?"

"Ai Auta..." in ji Injiniya, sai ya haɗiye sauran, ya tuna yana da masu jiran caja.

Suka bar ta ita kaɗai. Ta zauna har inuwar shagonta ta tsallaka titi ta taɓa dokin ƙofar Auta. Ta gwada zana dawisun a takarda daga ka, ya fito kamar zabuwa. Zanen inji ba hoto ba ne kawai. Kowane ɗinki da inda allura za ta faɗa da inda za ta juya, dubbai, kuma idon da ya tsara su a wancan lokacin ba shi ne a fuskarta yanzu ba. Ta yayyaga takardar. Ta gyara mayafi, ta ɗaga kai sama yadda duk mai kallo zai san ba roƙo za ta je ba, ta tsallaka.

Shagon Auta yana ƙamshin turare da sabon yadi. 'Yan mata suna ta jan hotuna a waya suna nuna wa juna. Auta tana bayan tebur da tef a wuya, ta yi ƙiba, ta fara kama da mahaifiyarsu. Ta ɗago ta ga mai shigowa, almakashi ya tsaya a hannunta.

"Yaya. Sannu da zuwa. Ga kujera."

"Ba zama ya kawo ni ba. Kayana na zo karɓa."

"Wane kaya?"

"Wanda kika sata."

 Auta ta dube ta, ta dubi ƙofar shagon da ke tsallake, inda tun safe take ganin maza suna shiga suna fita. Ba ta tambayi komai ba. Ta jawo wata durowa cike da maɓallai da zif da guntayen alli, ta tona har ƙasa, ta fito da ɗan filash ja da ƙura ta dushe shi. Ta goge shi a gefen zaninta ta ajiye a kan tebur.

"Ranar nan wuta ta ɗauke har batir ya ƙare, Tsohuwa ta daɗe ba ta tashi ba. Na tsorata, na ce bari in ajiye miki wani a gefe. Abin da na so in gaya miki ke nan. Na bayan tafiyata babu a ciki, amma dawisu yana nan."

Mai Dawisu ta ɗauka. Ba shi da nauyi ko kaɗan, abin ya ba ta haushi.

"Nawa kika ɗinka a ciki?"

"Ko ɗaya."

"Ƙarya kike."

"Yaya, kullum kina leƙen gilashina. Kin taɓa ganin naki?"

Ba ta taɓa gani ba. Ta sha faɗa da bakinta, ta sha yin dariya a kai. Ta nemi inda za ta dafa, ta samo.

"To, tsoron Allah ya kama ki ke nan. Gara da kika san haram."

Nan ya kamata Auta ta yi shiru, a rabu a haka. Amma nono ɗaya suka sha, kuma ita ma ta daɗe tana ajiye da nata. Ta yi ɗan murmushi tana naɗe tef a yatsa.

"Na so a ce haka ne. Da na buɗe shagon nan ba ni da zane ko ɗaya, kuma ina jin haushinki. Na buɗe shi na nuna wa masu zuwa. Suka ce irin na iyayensu ne. Na yi ta nunawa, ba wadda ta zaɓa, sai na jefa shi a durowa."

"Ba ki nuna musu dawisun ba."

"Da shi na fara. Wata ta ce kakarta tana da shi a labule."

Wata yarinya a gefe ta ƙunshe dariya da waya.  Mai Dawisu ta damƙe filashin ta juya.

Sai da ta kai tsakiyar titi ta lura ta bar shagonta a buɗe, wangale, ba kowa a ciki, ga laftof a kan tebur a kunne. Ba ta taɓa yin haka ba. Ta ƙara sauri, a ranta har da wani abu mai kama da fatan a ce wani ya shiga ya yi mata sata. Ta shiga ta duba ko'ina. Komai yana inda ta bar shi. Ba wanda ya ko leƙo.

Ta zauna a gaban laftof ta juya ta gefe, ta kai filashin bakin kafar. Gam ya tare shi, busasshe, sumul, aikin hannunta mai kyau. Ta gwada ɗaya gefen, haka. Ta jawo gwangwanin allurai ta zaɓi mai kauri, ta sa tabarau, ta duƙa ta fara ƙwaƙula. Allurar farko ta karye. A tsallaken titi an kunna fitilun gilashin Auta, duwatsun kabeji suna ta ƙyalli. Ta ɗauki allura ta biyu.